Waya da Kwanon Dattijo: Fasahar Zamani da Cimar Tsofaffi a Karaye da Rogo

Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, waɗanda ke yammacin Jihar Kano, suke kuma tarayya a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai da masarauta ɗaya bisa dokar masarautu ta watan Yulin 2024, ƙasa ce ta noma wadda ba a san ta da ƙarancin abinci ba. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Karaye na da mutane sama da 140,000, Rogo kuwa sama da 220,000, kuma mafi yawansu a gona suke neman na sakawa a bakin salati, inda suke noman masara da dawa da shinkafa da wake da waken suya da gyaɗa, ga kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, wadda ta buɗe hanyar noman rani da kamun kifi. Duk da wannan albarka, abu ne mai yiwuwa dattijon da ya shekara hamsin yana cika rumbu ya riƙa ramewa a cikin gidansa, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa masu ƙaunarsa, ba tare da wani ya ɗauki lamarin a matsayin larura ba, domin an saba ɗaukar ramar tsoho a matsayin wani ɓangare na tsufa. Wannan sharhi zai duba irin taimakon da wayar hannu da manhajojinta za su iya yi a kan wannan matsala, da kuma inda taimakon nasu ya tsaya.

Kafin a kai ga waya, ya wajaba a fahimci abin da ke faruwa a jikin mai yawan shekaru. Idan mutum ya haura sittin, sha'awar abinci kan ragu, ɗanɗano da jin ƙamshi kan dusashe, haƙora kan zube, har tauna nama ko ƙuli-ƙuli ta zama aiki, sannan jin ƙishirwa ma kan ragu, ta yadda tsoho zai iya wuni a zafin bazara bai nemi ruwa ba alhali jikinsa yana bushewa. A daidai wannan lokaci ne tsokar jiki ke zaizayewa sannu a hankali, wadda ita ce ke sa tashi daga tabarma ya gagara sai an dafa bango, kuma ita ce ke jawo faɗuwa da karaya da doguwar jinya. Abin da ke tallafar tsoka shi ne motsa jiki da sinadarin furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Masana cimar tsofaffi sun yi ittifaƙi cewa lafiyayyen tsoho na buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, adadin da ya ɗara giram 0.8 da aka ƙayyade wa sauran manya. Ke nan a lokacin da cikinsa ya fi ƙin karɓar abinci ne jikinsa ya fi buƙatar mai gina jiki, kuma a nan matsalar take.

Yadda ake rabon abinci a gidajen karkara yana ƙara wa lamarin nauyi, ba don rashin girmamawa ba, domin a ƙasar Hausa kwanon dattijo ake fara zubawa. Abin da ake zuba masa dai shi ne abin da kowa zai ci: malmalar tuwon masara ko na dawa da miyar kuka, ɗumame da safe, koko ko kunu idan an samu. Wanda ba shi da haƙoran tauna zai tsoma 'yan lomomi a miya, ya tura wa jikoki tsokar naman da aka sa masa, ya rufe kwanon, mai girki kuwa ta ɗauke shi ba tare da ta lura cewa rabin tuwon ya dawo ba, ko ta lura amma kunya ta hana ta tambayar surukinta. Tsohuwa ma haka take, sau da yawa ita ce ke rarraba wa ƙananan yara abin da aka kawo mata, ta wuni a kan goro da ruwan shayi. Da zarar kaka ta wuce, samari sun tafi cirani Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas, cefanen gida sai ya dogara ga abin da suka aiko, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci, wadda ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta sa ƙwai da kifi da nono suka zama farkon abin da ake cirewa daga cefane.

Babban giɓin da ke akwai shi ne tsofaffi ba sa cikin waɗanda ake aunawa. Binciken lafiya da yawan jama'a da ake gudanarwa a Najeriya lokaci-lokaci ya fi mayar da hankali ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu shekara 15 zuwa 49, kuma babban binciken cima da ƙananan sinadarai na ƙasa da aka yi a 2021, duk da cewa an yi amfani da manhaja a kan na'urar hannu wajen rubuta abin da mutum ya ci cikin sa'o'i 24, yara da 'yan mata da mata masu shekarun haihuwa da masu juna biyu ya shafa. Akwai hujja mai ƙarfi ta fifita waɗannan rukunai, musamman a Arewa inda tamowa ke hallaka yara, amma sakamakon shi ne kakar da ke goyon yaron da ake aunawa ba ta cikin kowane rajista. An sa hannu a kan dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Sai dai manufa ba ta isa garuruwan yankin irin su Zarewa ko Yammedi sai da ma'aikaci da ma'auni da rajista, kuma a nan ne fasahar zamani take da aikinta na farko, wanda ya fi kowane muhimmanci.

Ma'aunin da ake buƙata yana nan, kuma ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kula da tsofaffi mai suna ICOPE a 2017, ta kuma biyo shi da littafin jagora da manhajar waya a 2019, domin ma'aikatan lafiya na matakin farko. Manhajar tana bi da ma'aikaci mataki-mataki wajen duba ƙarfin tafiya da gani da ji da tunani da yanayin zuciya da kuma cima, kuma a ɓangaren cima tambayoyi biyu ne kacal na farko: ko mutum ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku ba da nufinsa ba, da kuma ko sha'awar abincinsa ta ragu. Idan aka samu amsar da ke nuna damuwa, sai a wuce zuwa gajeren gwajin cima da aka fi sani da MNA, mai tambayoyi shida da maki 14, inda maki 12 zuwa 14 ke nuna lafiya, 8 zuwa 11 ke nuna haɗari, 7 zuwa ƙasa kuwa ke nuna tamowa. Abin da ya sa wannan gwaji ya dace da ƙauye shi ne ko babu sikeli ana iya yin sa da tef ɗin tela: tsoho zai zauna a kan kujera, ƙafarsa a ƙasa, a naɗe wando ko a ɗaga zane kaɗan, a zagaya tef a wurin da sha-raɓa ta fi kauri, idan awon bai kai santimita 31 ba, alama ce ta cewa tsoka ta zube. Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, manhajar ce za ta haɗa maki, ta adana sakamakon da ranar da aka yi, ta kuma tuna wa ma'aikaci lokacin komawa. Amfanin adanawar shi ne awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai, amma awo uku a jere da ke nuna raguwa daga kaka zuwa bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, labari ne cikakke da iyali da hukuma za su iya aiki da shi.

Hannun da ya kamata ya riƙe wannan waya shi ne na ma'aikacin lafiya, kuma Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, wanda ya kai ga ayyana Najeriya da nahiyar Afirka a matsayin waɗanda suka rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, an yi amfani da wayoyi masu nuna wuri wajen bin sawun masu allurar riga-kafi da zana taswirar ƙauyuka da rugage, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano ta taka rawa a wannan aiki. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS na matan da ke shiga gida-gida domin wayar da kai kan lafiya. Waɗannan mata sun riga sun san ƙofar kowane gida a mazaɓarsu, suna shiga har cikin ɗaki inda namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, kuma tsohuwar da ake magana a kanta tana zaune a tsakar gidan da suke zuwa duba jariri. Ƙara musu tambayoyi biyu da tef ɗin awo ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba a kan ƙirƙirar sabon shiri, muddin za a biya su alawus a kan kari, a kuma ba su manhajar da ke aiki ko babu intanet, wadda za ta aika bayanai idan an dawo inda sabis yake.

Bayan awo sai shawara, kuma a nan ne yawancin manhajojin da ake saukewa a manyan wayoyi ke gazawa. An ƙera su ne domin mai karatun boko da ke son rage ƙiba, suna neman a auna abinci da giram, a kuma zaɓe shi daga jerin da babu fate ko dambu ko ɗanwake a ciki. Kwanon tsoho a garuruwa irin su Fulatan ko Turawa da ludayi da malmala da gwangwani ake auna shi, matsalarsa kuma rama ce. Kayan gyara wannan suna nan: Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma masana a Jami'ar Bayero na iya mayar da waɗannan alƙaluma zuwa ma'aunin da uwargida ta sani. Tsoho mai kilo 55 yana buƙatar giram 55 zuwa 66 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya na ba da kimanin giram 6, busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku, alhali masara da dawa ba sa wuce wajen kashi ɗaya cikin goma. Ma'anar wannan a madafa ita ce abinci mai laushi da aka riga aka sani: alale, faten wake da aka dafa har ya narke, awara, kunun gyaɗa, fura da kindirmo, garin waken suya da aka soya aka niƙa ana zuba cokali biyu a koko, busasshen kifin Challawa da aka daka aka tankaɗe ƙaya aka zuba a miya, da zogale ko rama da aka dafa suka yi taushi. A ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a wuni, a ajiye masa ruwa kusa da shimfiɗa, a raba shan shayi da lokacin cin abinci domin shayi na rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Ga mai hawan jini, a rage gishiri da dunƙulen miya, a ƙara daddawa da kayan ƙamshi, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance gishiri ga ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ba a ƙara masa furotin sai da izinin likita, kuma duk manhajar da ba ta tambayi wannan ba kafin ta ba da shawara, haɗarinta ya fi amfaninta.

Hanyar isar da irin wannan shawara ita ce murya. Yawancin waɗanda suka haura sittin a wannan yanki karatun allo da ajami suka yi, idanu sun raunana, wayar da ke aljihu kuma ƙarama ce mai maɓalli, wadda jika ke sa wa lamba. An gwada hanyoyi masu sauƙi a wasu wurare. A Senegal, a azumin 2014, ma'aikatar lafiya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun riƙa aika wa masu ciwon suga gajerun saƙonni kan shan ruwa da rage zaƙi a lokacin buɗe-baki da sahur. A Najeriya kuma, a 2016 kamfanin Airtel ya ƙaddamar da layin 3-2-1, inda mutum ke kira ya saurari bayanan lafiya da noma da aka naɗa da harsuna har da Hausa, yana danna lamba domin zaɓen abin da yake so. Darasin Senegal ya dace da Karaye da Rogo ƙwarai, domin dattawa da yawa ba sa yarda su ajiye azumi ko da jiki ya gaza, kuma saƙon da ya haɗa muryar ma'aikacin lafiya da ta limamin da suka yarda da shi, yana bayyana rangwamen da shari'a ta yi wa tsohon da azumi ke galabaitarwa, zai samu karɓuwar da takardar asibiti ba za ta samu ba.

Sai dai tambayar da masu tsara shirye-shirye suka fi mantawa ita ce wa za a aika wa saƙon. Dattijo ba ya girki, ba ya cefane, kuma kawaici ba zai bar shi ya ce a canja masa abinci ba. Mai iko a kan kwanonsa ita ce matarsa ko surukarsa ko jikanyar da ke kai masa, mai iko a kan kuɗin kuwa shi ne ɗan da ke gida ko wanda ke birni. Saƙon da zai yi aiki shi ne wanda ya shiga wayar mai girki da hantsi kafin a ɗora tukunya, da muryar mace, cikin ladabin da ya dace da maganar iyaye, yana cewa a duba ko Baba ya cinye na jiya, idan bai cinye ba a gwada masa mai ruwa-ruwa. Wani kuma ya shiga WhatsApp ɗin ɗan da ke birni a ƙarshen wata, yana faɗa masa awon mahaifiyarsa na wannan karo da na karon baya. Inda mace ba ta da waya, kuma irin waɗannan gidaje suna da yawa, rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure su ne za su cike gurbin.

Wannan hanya ta murya tana da abokan hamayya da suka riga ta shiga gidaje. Saƙonnin masu tallar magani da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, suna alƙawarin warkar da suga da hawan jini da sanyin ƙashi da kwalba ɗaya, sun fi kowane saƙon hukuma daɗin saurare, kuma kuɗin da ya kamata ya sayi ƙwai da nono na wata guda kan tafi a kansu. Wasu ma kan sa mai suga ya bar maganinsa, ko ya ƙaurace wa abinci iri-iri har ya rame. Tilas ne saƙon gaskiya ya zo da sunan asibitin da aka sani da lambar da za a iya kira a yi tambaya, hukumar NAFDAC da gidajen rediyo kuma su ɗauki tace irin waɗannan tallace-tallace da muhimmanci.

Ɓangare na ƙarshe shi ne kuɗi, domin shawara ba ta cika tukunya. Tura kuɗi ta waya da masu POS da suka bazu a kasuwannin ƙauye sun sauƙaƙa wa 'yan cirani aike, kuma tallafin Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023 domin gidaje miliyan 15 ta asusun banki aka tsara biyansa, bisa sharaɗin lambar NIN ko BVN. Amma tsofaffi ne suka fi cin karo da shingayen wannan tsari: zanen yatsan da fartanya ta goge na'ura ba ta karantawa, layin waya da ake rufewa saboda ba a haɗa shi da NIN ba, doguwar tafiya zuwa wurin rajista, da lambar sirri da dole sai an danƙa wa wani. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda mai hatsi a rumbu zai iya rasa kuɗin niƙa da na mai. Abin da zai rage wannan shi ne a kai rajista har ƙofar gida ta hannun dagatai da masu unguwanni, a amince da hoton fuska ga wanda yatsansa ya ƙi, a bai wa tsoho damar naɗa wakilin da ya yarda da shi a rubuce, kuma duk kuɗin da ya shiga ko ya fita a sanar da shi da murya. Iyalai ma na iya tura wani kaso kai tsaye ga mai nono ko mai ƙwai ko mai awara ta unguwa, ta riƙa kai wa tsohuwa kullum, domin kada kuɗin ya narke cikin sauran buƙatun gida. Bayanan lafiyar da ake tattarawa kuwa amana ce da dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa, bai halatta su koma hannun 'yan talla ko 'yan siyasa ba.

Matakin da ya fi dacewa a fara da shi ƙarami ne: a zaɓi mazaɓa ɗaya a Karaye, kamar Tudun Kaya, da ɗaya a Rogo, kamar Zoza, a rubuta duk wanda ya kai shekara 60, a auna shi sau uku a shekara, a ɗauki lambar mai yi masa girki da ta mai yi masa cefane, a kuma ba Majalisar Masarautar Karaye da sassan lafiya na ƙananan hukumomin biyu sakamakon a ƙarshen kowane zagaye. Wajibi ne tun farko a tanadi inda za a tura wanda aka samu da matsala, domin ramar da ba a san dalilinta ba tana iya zama alamar tarin fuka ko ciwon suga ko ciwon daji ko damuwar da ke biyo bayan rasuwar abokin zama, kuma babu ɗaya daga cikinsu da kunun gyaɗa ke warkarwa. Irin wannan mutum yana buƙatar a kai shi asibitin Karaye ko na Rogo, daga nan idan ta kama zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma sa shi cikin rukunin masu rauni da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano ke ɗaukar nauyinsu, tare da tanadin kuɗin mota ga shi da mai rakiyarsa.